Ma'anar Kalmar "Fida'i" Da Hukuncin Masu Ɗauke Da Ita

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta jinin bayinSa sai da haƙƙi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako bayani ne a kan wata kalma ta Larabci wadda masu sauraron labaran Gabas ta Tsakiya suka daɗe suna ji, watau "fida'i", jam'inta "fida'iyyun" ko "fida'iyyin", mutanen Farisa kuma su ce "fida'iyan". Masu fassara labarai sukan juya ta zuwa Hausa da cewa 'yan sari-ka-noƙe, ko dakarun sa-kai, ko mayaƙan sunƙuru, watau mutanen da ke ɗauke da makamai amma ba sa cikin rundunar soja ta gwamnati, ba su da bariki, ba su da kaki, sai dai su kai hari su ɓace. Wannan fassara ta faɗi yadda mutanen suke yaƙi, amma ta bar abin da sunan yake iƙirari game da su. Domin kuwa wanda ya kira kansa fida'i cewa yake yi ya ba da ransa fansa saboda wani abu da ya fi ran daraja a wurinsa. Wannan iƙirari ne mai girma, kuma an zubar da jini mai yawa a ƙarƙashinsa, wani bisa gaskiya, wani bisa zalunci. Saboda haka ya kamata Musulmi ya san inda kalmar ta samo asali, da waɗanda suka yi amfani da ita, da ma'aunin da shari'a ta ajiye, don kada kyawun suna ya ruɗe shi, musamman ma samari, waɗanda su aka fi farauta da irin waɗannan kalmomi.

ASALIN KALMAR

Tushen kalmar haruffa uku ne: fa'un da dalun da ya'un. Ma'anarsu a harshen Larabci ita ce a ba da wani abu a madadin wani domin a kuɓutar da shi, abin da Bahaushe ke kira fansa. Daga wannan tushe ne Hausa ta aro kalmar "fidiya" da ake ji a wurin malaman fiƙihu, da kuma "fida'u", addu'ar da ake taruwa a yi wa mamaci. Kuɗin fansa da ake biya don a karɓo wanda aka kama, shi ma Larabawa "fidya" suke ce masa.

Tushen ya zo a wurare da yawa cikin Alƙur'ani Mai Girma. A Suratus Saffat, aya ta 107, Allah Ya ba da labarin yadda Ya fanshi ɗan Annabi Ibrahim, watau Annabi Isma'ila, da abin yanka mai girma, wanda shi ne asalin layyar da Musulmi ke yi kowace shekara. A Suratul Baƙara, aya ta 184, an ambaci fidiyar ciyar da miskini ga wanda azumi ya fi ƙarfinsa, kuma a Risalar Ibnu Abi Zaid an so tsohon da ya sha azumi ya ciyar da mudu guda, irin mudun Annabi, a madadin kowace rana. A aya ta 196 ta wannan sura an ambaci fidiyar alhajin da ya aske kansa saboda lalura, wadda hadisin Ka'abu ɗan Ujrata ya fayyace: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya. A aya ta 229 kuma an ambaci abin da mace ke bayarwa ta fanshi kanta daga aure, watau hul'i. A Suratu Muhammad, aya ta 4, an ba shugaba zaɓi game da fursunonin yaƙi, ko ya sake su kyauta ko ya karɓi fansa. An yi aiki da fansar fursunoni bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, inda masu hali suka biya har dirhami 4,000, wasu daga cikin marasa hali da suka iya rubutu kuma aka sa kowannensu ya koya wa yara 10 na Madina.

Idan mai karatu ya duba waɗannan wurare zai ga abu guda ya haɗa su. Fansa a kowannensu hanya ce ta tsirar da rai, ko ta kwance wani ƙunci, ko ta sauke wani nauyi. Sa'an nan Alƙur'ani ya yi gargaɗi, a Ali Imrana aya ta 91 da Hadid aya ta 15, cewa akwai ranar da ba za a karɓi fansa daga kafiri ko munafuki ba, ko da zinariya ce cike da ƙasa.

A nan akwai wani tarko da ya shafi mai jin Hausa. A Hausa ana cewa an biya fansa, ana kuma cewa an ɗauki fansa, wannan na biyun kuwa ramuwar gayya ake nufi. Kalmar "fida'" ta Larabci ba ta ɗauke da wannan ma'ana ta biyu ko kaɗan. Ramuwa tana da nata sunaye dabam, kamar "sa'ar" da "intiƙam". Wanda ya fita don ya huce haushi a kan dangin maƙiyinsa, to ramuwa ya fita yi, ko da wane suna ya laƙaba wa kansa.

Shi kansa lafazin "fida'i" bai zo cikin Alƙur'ani ba, kuma sunayen da magabata suka yi amfani da su ga mayaƙa wasu ne dabam: mujahidi, da gazi, da murabiɗi mai tsaron iyaka. Malaman fiƙihu, irin su Mawardi a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, sun kasa mayaƙa kashi biyu: "murtaziƙa", waɗanda sunayensu ke cikin diwani ana biyansu albashi daga baitulmali, da "mutaɗawwi'a", masu sa kai. Amma dukkansu biyu a ƙarƙashin tutar shugaba guda suke fita.

FANSAR RAI A ZAMANIN ANNABI DA SAHABBAI

Ko da yake sunan bai yaɗu a wancan zamani ba, aikin kansa ya auku, kuma littattafan sira cike suke da misalansa. Al'adar Larabawa ce idan suna girmama mutum su ce iyayensu fansa ne gare shi, kuma Sahabbai sun sha faɗa wa Manzon Allah (S.A.W.) haka. Shi ma ya faɗa wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas irin wannan magana ranar Uhudu, sa'ad da yake miƙa masa kibau yana harbi.

Misali mafi shahara shi ne na Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda. A daren Hijira, cikin shekarar 622 ta Miladiyya, Ƙuraishawa sun zaɓo samari daga kowace zuriya suka kewaye gidan Annabi da takubba. Aliyu ya kwanta a shimfiɗar Annabi, ya lulluɓa da mayafinsa, yana sane da abin da masu kewayen suka zo yi. Marubutan Larabawa na wannan zamani sukan kira shi fida'i na farko a Musulunci. Abin lura shi ne, a wannan dare bai kashe kowa ba, kuma aikin da ya tsaya yi a Makka bayan haka shi ne mayar da ajiyar da mutanen gari suka ba Annabi amana, alhali yawancin masu ajiyar nan mushirikai ne.

Ranar Uhudu, a shekara ta 3, da Musulmi suka watse, Ɗalhatu ɗan Ubaidullahi ya tare wa Annabi sara da harbi da hannunsa har hannun ya shanye. Abu Dujana ya sunkuya a kansa kibau suna sauka a gadon bayansa. Nusaibatu 'yar Ka'abu, wadda ta fito shayar da mayaƙa ruwa, ta zare takobi ta tsaya a gabansa har aka yi mata mummunan rauni a kafaɗa. A yaƙin Yamama kuma, zamanin halifancin Sayyidina Abubakar, mutanen Musailima suka shige wata gona mai katanga suka kulle ƙofa. Barra'u ɗan Malik ya nemi a ɗaga shi a jefa shi ciki. Ya faɗa, ya yi yaƙi har ya buɗe ƙofa, ya fito da raunuka fiye da 80, kuma Allah Ya raya shi bayan haka.

Waɗannan bayin Allah sun yi tarayya a cikin abubuwa huɗu. Kowannensu ya sa jikinsa tsakanin haɗari da waninsa. Kowannensu a ƙarƙashin shugaba yake. Waɗanda suka fuskanta mayaƙa ne riƙe da makamai. Kuma babu ɗayansu da ya kashe kansa da hannunsa.

YADDA AKA KARKATAR DA MA'ANAR

Tun kafin ƙarni na farko na Hijira ya kai rabi aka fara ɗaukar wannan kyakkyawar ma'ana ana yi wa ɓarna riga da ita. Hawarijawa sun kira kansu "shurat", watau waɗanda suka sayar da rayukansu ga Allah, suna jingina da aya ta 207 ta Suratul Baƙara. Malaman tafsiri da yawa sun ce ayar ta sauka ne game da Suhaibu Rumi, wanda ya bar wa Ƙuraishawa dukiyarsa duka don su ƙyale shi ya yi hijira. Amma Hawarijawa suka kafirta Musulmi da zunubi, suka halatta jininsu. A cikin watan Ramalan na shekara ta 40, ɗaya daga cikinsu, Abdurrahman ɗan Muljam, ya sari Sayyidina Aliyu da takobi mai guba a masallacin Kufa lokacin sallar Asuba. Mutumin da ya kwanta a shimfiɗar Annabi fansa, wanda ke iƙirarin sayar da rai ga Allah ne ya kashe shi.

Waɗanda suka fara shahara da sunan fida'i kansa su ne mabiya Hasanus Sabbah, na reshen Nizariyya daga cikin Isma'iliyya. A shekarar 1090 Hasan ya mallaki ganuwar Alamut a kan duwatsun arewacin Farisa. Da yake ba shi da rundunar da za ta iya karawa da daular Saljuƙawa a fili, sai ya riƙa horar da samari yana aika su ɗaya ɗaya, ko biyu biyu, su shiga jikin babban mutum cikin shigar burtu, su jira wata da watanni, sa'an nan su soke shi da wuƙa a bainar jama'a, ba tare da sun shirya hanyar gudu ba. A shekarar 1092 wani daga cikinsu ya zo cikin shigar sufaye kamar mai kawo ƙara, ya kashe waziri Nizamul Mulk, wanda ya gina makarantar Nizamiyya ta Bagadaza inda Imamu Gazali ya karantar. A 1126 aka kashe Aƙsunƙur Bursuƙi, mai mulkin Mausil, a cikin masallacin Juma'a. Halifofin Abbasiyawa biyu, Mustarshid a 1135 da ɗansa Rashid a 1138, a hannunsu aka ce sun halaka. Reshensu na Sham ya kai wa Salahuddin Ayyubi hari sau biyu, na biyun a 1176 yana kewaye da garin Azaz, sulken da ke jikinsa ne Allah Ya tsirar da shi da shi. A 1192 kuma suka kashe Konrad, wani babban shugaban 'yan Salibiyya, a birnin Sur.

Abokan gabarsu sun yi musu laƙabi da "Hashishiyya", daga nan ne Turawa suka samo kalmarsu ta mai kisan gilla. Labaran da aka yaɗa na cewa ana bugar da samarin da ƙwaya, ana nuna musu lambu a ce Aljanna ce, masana tarihi na yanzu sun ɗauke su tatsuniya. Ƙarshen al'amarin shi ne Hulaku, jagoran Tattar, ya karɓi Alamut a 1256, Sarki Baibars na Masar kuma ya gama karɓe ganuwowinsu na Sham a 1273. Da Ibnu Baɗuɗa ya ratsa yankin a ƙarni na 14, ya tarar "fidawiyya" sun zama 'yan aiken Sarkin Masar, yana biyansu su kashe masa maƙiyan da suka tsere masa. Haka sunan fansar rai ya ƙare a kan masu kisa don lada. Adalci ne kuma a faɗa cewa Isma'iliyyan da ke raye a yau sun rabu da wannan hanya tun ɗaruruwan shekaru.

DAWOWAR KALMAR A ZAMANIN MULKIN MALLAKA

A ƙarshen ƙarni na 19 kalmar ta sake fitowa da sabuwar ma'ana, ta mai sa kai don ƙasarsa. Armeniyawa, waɗanda Kiristoci ne, sun kira mayaƙansu da suka yi wa Daular Usmaniyya tawaye da wannan suna.

A Masar, gwamnatin Mustafa Nahhas ta soke yarjejeniyar 1936 da Ingila a watan Oktoba na 1951. Ɗalibai da ma'aikata da 'yan ƙungiyar Ihwan suka riƙa kai hari kan sansanonin sojan Ingila a yankin mashigin Suwez, jaridun Alƙahira suna kiransu fida'iyyin. Ranar 25 ga Janairu, 1952, sojan Ingila suka afka wa 'yan sandan Masar a Isma'iliyya suka kashe kimanin 50, washegari aka ƙona tsakiyar Alƙahira, a watan Yuli kuma soja suka tumɓuke Sarki Faruƙ. Sojan Ingila na ƙarshe sun bar yankin a 1956.

A Aljeriya, inda aka yi yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa tun daga 1954 har 1962, taron Summam na watan Agusta 1956 ya kasa mayaƙa kashi uku: "mujahid", sojan daji mai kaki, "musabbil", ɗan ƙauye mai kai abinci da labari, da "fida'i", mai farin kaya da ke kai hari a cikin birni.

Amma Falasɗinawa ne sunan ya fi manne wa. Yaƙin 1948 ya raba kimanin mutum 700,000 da gidajensu. A shekarun da suka biyo baya wasu suka riƙa tsallaka iyaka, da fari don ɗebo amfanin gonakinsu, daga baya da makamai. Bayan harin da Isra'ila ta kai Gaza a watan Fabrairu na 1955, Masar ta shirya rundunar fida'iyyin a ƙarƙashin wani hafsanta, Mustafa Hafiz. An kafa Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu a 1964, Fatah ta kai harinta na farko a watan Janairu na 1965, kuma bayan karawar da aka yi a garin Karama na ƙasar Jodan ranar 21 ga Maris, 1968, samari dubbai suka yi tururuwa zuwa sansanonin horo. Har taken ƙasar Falasɗinu sunansa "Fida'i". A cikin waɗannan ƙungiyoyi akwai masu salla, akwai Kiristoci irin su Joji Habash, akwai kuma masu bin aƙidar gurguzu. A cikin ayyukansu akwai karawa da sojan mamaya, akwai kuma fashin jiragen sama na fasinja, da harin Munik na 1972 inda 'yan wasan Isra'ila 11 suka mutu.

A Iran, ƙungiyar Fida'iyan Islam ta Nawwab Safawi ta kashe marubuci Ahmad Kasrawi a cikin kotu a 1946, ta kashe Firayim Minista Ali Razmara a wani masallacin Tehran a 1951, aka zartar wa Nawwab hukuncin kisa a 1956. A 1971 wata ƙungiyar 'yan gurguzu ta ɓulla a ƙasar da sunan Fida'iyan Halƙ. A Iraƙi aka kafa Fida'iyyu Saddam a 1995 a ƙarƙashin ɗansa Udai, rundunar da ta tsorata mutanen ƙasa kafin ta watse a 2003. Mutane 10 da suka afka wa birnin Mumbai na Indiya a watan Nuwamba na 2008, suka kashe fiye da 160 a tashar jirgin ƙasa da otal-otal da kan titi, su ma da wannan suna aka kira su.

Wannan jerin ya isa ya nuna cewa kalmar ba shaidar imani ba ce. Musulmi da Kirista da wanda bai yarda da Allah ba duk sun ɗauke ta, mai kare ƙasarsa da mai tsaron azzalumin shugaba duk sun ɗauke ta. Saboda haka dole a koma ga ma'auni.

MA'AUNIN SHARI'A

Na farko shi ne niyya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Ash'ari cewa an tambayi Annabi (S.A.W.) game da mai yaƙi don jarumtaka, da mai yi don ƙabilanci, da mai yi don a gani. Ya bayyana cewa wanda ke kan tafarkin Allah shi ne kaɗai wanda ya yi don kalmar Allah ta ɗaukaka. Muslim kuma ya ruwaito cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar Ƙiyama akwai wanda aka kashe a fagen fama, amma don a ce masa jarumi ya yi, aka ja shi zuwa wuta.

Na biyu shi ne shugabanci. Hadisi ya siffanta shugaba da garkuwa wadda ake yaƙi a bayanta. Ɗaura yaƙi da ƙulla sulhu haƙƙin hukuma ne, domin in kowa zai ɗauki makami da ra'ayin kansa, jinin al'umma ne zai kwarara. Malamai sun keɓe hali guda: idan maƙiyi ya afka wa gari ba zato, to kare kai ya zama farilla a kan kowane mai iko, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil. A kan wannan ne gwagwarmayar mutane irin su Amir Abdulƙadir na Aljeriya da Umar Muhtar na Libiya, wanda Italiya ta rataye a 1931, ta ginu. Su ma kuwa jama'arsu sun san su, sun yi musu biyayya, kuma suna da dokar da suke hukunta mayaƙansu da ita. Wanda ya fita wa halattaccen shugaba da tawili, hukuncinsa na "bugat" ne, kamar yadda aya ta 9 ta Suratul Hujurat ta nuna. Wanda ya tare hanya, ya tsorata matafiya, ya kama mutane don kuɗi, shi "muharibi" ne, hukuncinsa yana aya ta 33 ta Suratul Ma'ida.

Na uku shi ne wanda ake ɗaga wa makami. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa an ga gawar wata mace a wani yaƙi, sai Annabi ya hana kashe mata da yara. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abi Sufyan, inda ya hana shi kashe mace da yaro da tsoho, da sare itace mai 'ya'ya, da rushe wurin da mutane ke zaune, ya kuma umurce shi ya ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu. Usamatu ɗan Zaid ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada a tsakiyar yaƙi, Annabi ya yi ta maimaita masa zargi har Usamatu ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Amir Abdulƙadir, wanda ya yi shekara 15 yana yaƙar Faransa, shi ne ya buɗe gidansa a Dimashƙa a 1860 ya ɓoye dubban Kiristoci daga masu tarzoma.

Na huɗu shi ne alkawari. Bayan sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6, Abu Basir ya gudo Madina yana Musulmi, Annabi ya mayar da shi ga Ƙuraishawa saboda sharaɗin sulhu. Ya kuɓuce a hanya, ya sauka a gaɓar teku, wasu masu gudu irinsa suka taru a wurinsa suna tare ayarin Ƙuraishawa, har Ƙuraishawa da kansu suka roƙi Annabi ya karɓe su. Masu kafa hujja da wannan ƙissa sukan manta cewa Abu Basir a wajen ikon Madina yake, waɗanda ya tare kuwa su ne suka tsare 'yan'uwansa, kuma Annabi bai warware sulhun ba. Huzaifa ɗan Yaman da mahaifinsa sun yi wa Ƙuraishawa alkawarin ba za su yaƙe su ba, Annabi ya hana su shiga yaƙin Badar, a ranar da Musulmi suka fi kowace rana bukatar mutane. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa imani dabaibayi ne da ke hana mumini kisan yaudara. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kisan gilla kashe shi ake yi ko da dangin mamaci sun yafe.

Na biyar shi ne bambanci tsakanin kutsawa cikin haɗari da kashe kai. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa a yaƙin Kusɗanɗiniyya wani Musulmi ya kutsa cikin sahun Rumawa shi kaɗai, mutane suka ce ya jefa kansa ga halaka. Abu Ayyub Ansari ya gyara musu, ya ce aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta sauka ne a kan mutanen Madina da suka so su koma ga dukiyarsu su bar taimakon addini. Saboda haka malamai suka halatta wa mayaƙi ya kutsa idan akwai amfani ga Musulmi. Amma shi wannan, in ya mutu, hannun maƙiyi ne ya kashe shi, kuma yana iya tsira kamar yadda Barra'u ya tsira. Wanda ya kashe kansa da hannunsa kuwa, aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya yi yaƙi fiye da kowa tare da Annabi, da rauni ya tsananta masa sai ya kife a kan takobinsa, Annabi ya ce ɗan wuta ne. A kan haka Shaihu Muhammad ɗan Salih Usaimin ya yi fatawa cewa tayar da bam a jiki kisan kai ne, Shaihu Ɗahirul Ƙadiri na Pakistan kuma ya fitar da doguwar fatawa a 2010 yana haramta shi. Wasu malamai sun yi rangwame ga Falasɗinawa saboda halin mamaya, wasu suka yi musu raddi. Amma tayar da bam a kasuwa, ko tasha, ko makaranta, ko wurin ibada, wannan babu mazhabar da ta ba shi mafaka. Mutanen ƙasar Hausa sun ɗanɗani wannan bala'i, kamar harin da aka kai babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba, 2014, inda masallata fiye da 100 suka rasu. Bahaushe ya riga ya ba wannan aiki sunan da ya dace da shi, watau ƙunar baƙin wake.

Har dokokin ƙasashen duniya sun yarda cewa rashin zama sojan gwamnati ba ya mayar da mayaƙi ɗan ta'adda. Yarjejeniyar Jeneba ta 1949 ta ba mayaƙan sa-kai matsayin fursunan yaƙi idan suna da shugaba mai ɗaukar alhakinsu, suna da alamar da ake gane su da ita, suna riƙe makamai a fili, suna kuma kiyaye dokokin yaƙi. Mai karatu zai ga kusancin waɗannan sharuɗɗa da abin da malaman Musulunci suka rubuta tun ƙarnoni kafin haka.

ABIN DA YA KAMACI MUSULMI

Idan Musulmi ya ji an kira wani fida'i, ko mujahidi, ko shahidi, to kada ya yi gaggawar yabo ko zagi sai ya tambaya: wa mutumin nan ya tsirar da ransa, wa ya ba shi izini, wa ya kashe, wane alkawari ya kiyaye ko ya karya. Malamai masu wa'azi da masu karantarwa a makarantun Islamiyya su ne suka fi kowa alhakin bayyana wa yara waɗannan bambance-bambance, domin yaron da ya ji labarin jarumtakar Sahabbai bai ji dokokin da suka ɗaure ta ba, ganima ce ga duk mai son ya yi amfani da shi. Iyaye kuma su lura da wanda 'ya'yansu ke saurare, a zaure ne ko a waya.

Ƙofar fansar rai ta gaskiya a buɗe take ba tare da an zubar da jinin kowa ba. Likitan da ya tsaya a kan majinyata lokacin annoba, da wanda ya faɗa kogi don ya ceto yaro, da wanda ya ɓoye maƙwabcinsa ranar tarzoma ko da addininsu ba ɗaya ba ne, su ne suka fi kusa da ma'anar kalmar kamar yadda Alƙur'ani ya yi amfani da tushenta. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya, ta kuma daidaita kashe shi ba da haƙƙi ba da kashe su baki ɗaya.

Allah Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta, Ya nuna mata ƙarya Ya ba ta ikon guje mata, Ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci a ko'ina suke. Allah Shi ne Mafi sani.